Ƙarfin Zuciya Kaɗai Ba Ya Raba Ɗalibi da Waya

A watan Mayun 2025, lokacin da hukumar JAMB ta fitar da sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu, aka ga fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba, sai bakin jama'a ya zo ɗaya a kan mai laifi, wato waya. A majalisun Agege da Idi-Araba a Legas, a gidajen rediyo, har ma a shafukan sada zumunta da ke cikin wayar da ake zargi, hukuncin guda ne, cewa yaran zamani sun sayar da karatunsu ga TikTok. Ba a yi mako biyu ba shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000, fiye da 200,000 daga cikinsu a cibiyoyin Legas, aka kuma sake musu jarrabawa. Wannan ya isa ya koya mana rage gaggawar yanke hukunci. Sai dai bai wanke wayar ba, domin ko bayan an sake jarrabawar mafi yawan ɗalibai ba su kai rabin makin ba, kuma duk uban da ke da matashi a gida ba ya bukatar alƙaluman wata hukuma kafin ya san yadda dare ke ƙarewa a kan allon waya, littafi kuma yana rufe a gefe.

Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce wannan: me ya sa za a samu 'ya'ya biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya, waya iri ɗaya da aka sayo musu rana ɗaya a Computer Village ta Ikeja, amma ɗaya ya iya kife tasa ya yi awa biyu a kan lissafi, ɗayan kuwa ya kasa minti goma bai leƙa ba? Da wayar ce kaɗai ke da iko, da duka biyun sun faɗi tare. Mutanenmu suna da amsa a shirye, cewa hali ne, hali kuwa zanen dutse. Ina ganin rabin wannan amsa gaskiya ne, ɗaya rabin kuma yana cutar da yaran da muke son gyarawa. Gaskiya ne cewa halin mutane ya bambanta tun daga yarinta, kuma wannan bambanci yana da hannu dumu-dumu a yawan riƙe waya da jan ƙafa wajen karatu. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa abin da ya raba yaran nan biyu wani ƙarfin zuciya ne da aka halicci ɗaya da shi aka hana ɗayan, alhali mafi yawan abin da muke gani a matsayin ƙarfin zuciya shiri ne da sabo, abubuwan da gida da makaranta da unguwa ke iya gina wa yaro.

Bari a fara da ɓangaren da karin maganar ta yi gaskiya. Masana halayyar ɗan Adam sun kasa ɗabi'un mutane zuwa manyan rukunai biyar, kuma wanda ya fi alaƙa da karatu shi ne rukunin tsare aiki, wato son tsari, cika alƙawari da ƙarasa abin da aka fara. A 2007 wani malamin Jami'ar Calgary ta Kanada, Piers Steel, ya tattara ɗaruruwan binciken da aka yi a kan ɗage aiki, ya ga abubuwan da suka fi haddasa shi sun haɗa da ɗacin aikin kansa, nisan ladarsa, rashin yarda da kai, da garaje, wato saurin bin duk abin da zuciya ta raya. Shekara biyu kafin nan, Angela Duckworth da Martin Seligman sun bi diddigin ɗalibai 'yan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu a Amurka, suka gano cewa kamun kai ya fi kaifin ƙwaƙwalwa nuna wanda zai yi sakamako mai kyau a ƙarshen shekara. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand kuma an bi rayuwar yara kusan dubu ɗaya tun daga haihuwa, rahoton 2011 ya nuna waɗanda suka fi kamun kai a yarinta sun fi lafiya da rufin asiri a shekara talatin da biyu. Malamin allo ba zai yi mamakin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ya sha ganin almajiri mai saurin ɗauke karatu ya tsaya a hanya, mai naci da ake wa dariya ya riga shi sauka.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne irin abin da yaron ke fafatawa da shi. Ladar karatu tana nesa, sai bayan watanni a ga sakamako, sai bayan shekaru a ga aiki, idan an gani. Ladar waya kuwa a take ne, kuma ba bisa kuskure aka ƙera ta haka ba. Shafin da ba shi da ƙarshe, bidiyon da ke kunna na gaba da kansa, ƙarar saƙo da jan ɗigon da ke nuna an yi maka magana, duk ƙwararru ne suka tsara su domin kuɗin kamfani yana ƙaruwa da yawan lokacin da ido ya yi a kan allo. Mafi ƙarfin dabarar shi ne rashin sanin abin da zai biyo baya: bidiyo biyar ba su da daɗi, na shida ya sa ka dariya har da hawaye, sai yatsa ya ci gaba da ja yana neman irinsa. A gefe guda kuma, sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke kula da hangen nesa da danne sha'awa ba ya kammala girma sai an shiga shekaru ashirin da ɗoriya. Ɗan shekara goma sha shida da muke ce wa ya yi ƙarfin hali, muna neman ya yi galaba da kayan aikin da bai gama haɗuwa ba a kan abin da aka kashe biliyoyin daloli wajen ƙerawa.

A ɗauki misalin ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a wani gidan haya a Agege, bayan sallar Isha'i. Niyyarsa tsarkakakkiya ce, zai karanta tambayoyin shekarun baya da malami ya tura zauren WhatsApp na ajinsu. Kafin ya kai ga takardar sai ya ratsa saƙonni fiye da ɗari, wasu na barkwanci, wasu na musun ƙwallo, ɗaya kuma an ambaci sunansa, dole ya mayar da martani. Ya buɗe takardar, rubutun ƙanana ne, ya karanta tambaya ta farko bai gane ba, sai ya ce bari ya nemi bayaninta a YouTube. Bayanin yana nan, amma a gefensa akwai takaitaccen wasan jiya. Ƙarfe sha ɗaya mahaifinsa ya dawo daga kasuwa ya tarar da hasken allo a fuskarsa, ya ce, "Kai, har yanzu wayar nan ce dai?" Yaron ya ce, "Wallahi Baba karatu nake yi, a nan malam ya turo mana." Ba ƙarya ya shirga gaba ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa matsalar ke da wuyar kamawa. Daga nan sai ya lallashi kansa da cewa ai datar dare ta fi araha, da tsakar dare zai sauke bidiyon darasi ya yi karatun gaske cikin natsuwa. Asuba ta yi masa a farke ko a rabin barci, ya tafi makaranta ido jajir, da alƙawarin cewa yau kam ba wasa.

Iyaye da yawa za su ce yaron nan zuciya ce ba shi da ita. To, me masana suka gano game da masu zuciyar? Gwajin da ya fi shahara shi ne na Walter Mischel a Jami'ar Stanford, daga ƙarshen shekarun 1960, inda ake ajiye wa ƙaramin yaro alewa ɗaya a gabansa a ce idan ya jira za a ba shi biyu. An daɗe ana ba da labarin a matsayin hujjar cewa wasu yara an haife su da juriya. Amma abin da Mischel ya lura da shi ya fi haka amfani: yaran da suka jira ba zura wa alewar ido suka yi suna cije leɓe ba, wasu rufe ido suka yi, wasu suka juya baya, wasu suka kama waƙa ko wasa da ƙafa. Dabarar kawar da kai ce ta cece su. A 2018 Tyler Watts da abokan aikinsa suka sake duba batun da yara masu yawa daga gidaje daban-daban, suka ga cewa idan aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, arziki da ilimin iyaye, alaƙar da ke tsakanin jiran alewa da nasarar gaba tana raguwa sosai. A wani binciken na 2012 a Jamus, Wilhelm Hofmann da abokansa sun riƙa tambayar manya kusan ɗari biyu sau da dama a rana ko suna fama da wata sha'awa a wannan lokacin. Masu kamun kai su ne suka fi ƙarancin faɗa da zuciyarsu, saboda sun tsara rayuwarsu ta yadda jarabawar ba ta cika iso gare su ba.

Mu da muke azumi mun san wannan a aikace, ko da ba mu taɓa faɗarsa ba. Mai azumi mai hankali ba ya zuwa rumfar mai abinci da tsakar rana ya zauna don ya gwada imaninsa, kuma azumin watan Ramadan ya fi na ramuwa sauƙi, ba don yunwar ta bambanta ba, sai don kowa a unguwa yana yi, lokacin sahur da buɗa-baki sananne ne, tukunya kuma ba ta kan wuta da azahar. Ɗalibin da aka bar shi da littafi a hannun dama, waya a kunne a hannun hagu, a ce ya yi haƙuri, an zaunar da shi ne a rumfar mai abinci. A 2017 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka sun gwada ɗalibai da aikin tunani, wasu wayarsu na kan tebur a kife, wasu a jaka, wasu a wani ɗaki, sai na wani ɗakin suka fi ƙoƙari. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba kowa ne ya samu bambancin da ya kai haka ba, amma ba sai an je Amurka ba kafin a san cewa wayar da sai ka tashi ka buɗe ƙofa kafin ka ɗauko ta ba ta kai wadda ke kan cinyarka saurin kira ba.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓarna, shi ne yi wa duk masu jan ƙafa kuɗin goro da sunan lalaci. Malalaci na gaske hankalinsa kwance yake, mai ɗage karatu kuwa cikin azaba yake, yana kallon bidiyo zuciyarsa na tuhumarsa. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan ɗabi'a, sun bayyana ta a matsayin gudun ɓacin rai na ɗan lokaci: aikin yana tayar da tsoro ko gundura ko jin kasawa, sai mutum ya nemi abin da zai sanyaya masa rai yanzu, ya bar wa gobe wahalar. Wannan ya shafi yaranmu na Legas fiye da yadda muke zato. Yarinyar da aka kawo daga Arewa tana aji uku na ƙaramar sakandare, ta tarar da 'yan ajinsu suna zuba Turanci da Yarbanci, ta taɓa karanta jimla a gaban aji aka kwashe da dariya, duk lokacin da ta buɗe littafin kimiyya abin da take gani shi ne shaidar cewa an bar ta a baya. Waya a wurinta mafaka ce, inda ake Hausa, inda ba wanda zai ce ta yi kuskure. Idan uwarta ta rufe ta da faɗa, ta ce mata ba za ta taɓa zama komai ba, ta ƙara mata ainihin abin da take gudu ne, kuma gobe za ta fi yau manne wa wayar. Irin wannan yarinya ba ƙwace waya take bukata da farko ba, tana bukatar wanda zai zauna da ita ya gutsura mata darasin ƙanana, har ta ga da idonta cewa tana iya warware tambaya ɗaya, sannan biyu.

Yaro mai garaje dabam ne, shi ba tsoron littafi yake ba, duk abin da ya gilma ne ke ɗauke shi, maganinsa kuma nisanta shi da abin da ke gilmawa. Akwai kuma mai son jama'a, wanda ba ya iya jure a yi hira a zaure ba shi, irin wanda da a zamanin iyayenmu ne da a dandali ko bakin shago za a same shi. Wannan idan aka kulle shi a ɗaki shi kaɗai da littafi an kashe masa gwiwa, idan kuwa aka haɗa shi da abokai uku masu karatu, halin nasa ne zai riƙe shi a wurin. Uba ya san 'ya'yansa fiye da kowane masani, abin da ya rage shi ne ya yarda cewa magani ɗaya ba ya yi wa ciwo uku.

Sannan akwai yanayin garin da muke zaune, wanda masu wa'azin ƙarfin zuciya ke tsallakewa. Iyali da yawa a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Ijora suna zaune ne a ɗaki ɗaya ko biyu, talabijin na kunne, ƙanne na guje-guje, janaretan maƙwabci na ruri a bayan taga. Ɗalibin da ke zuwa Jami'ar Jihar Legas a Ojo, ko Jami'ar Legas a Akoka, ko Kwalejin Fasaha ta Yaba daga ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni yana iya ƙarar da sa'o'i a cikin danfo da cunkoson hanya, ya iso gida a gajiye, kuma gajiyayye ba ya zaɓen abu mai wuya. Wani kafin ya tafi makaranta sai ya taya mahaifinsa sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, wani yana zaman rumfar POS da yamma, wata tana tallan atamfa da turare a WhatsApp tana taimakon gida da ribar. A wurin irin waɗannan, wayar ita ce littafi, ita ce fitila idan an ɗauke wuta, ita ce shago, ita ce hanyar jin muryar kaka a Katsina ko Sakkwato. Wanda ya ce a ƙwace ta kawai bai duba abin da zai ƙwace tare da ita ba. Kada kuma a manta cewa ɗaliban yanzu sun ratsa rufe makarantu na korona a 2020, na jami'a kuma suka ƙara da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, watannin da ba aji ba jarrabawa, sai waya, sabo kuwa turken wawa ne.

Wani ƙaramin gwaji irin na alewar nan da aka yi a Jami'ar Rochester ta Amurka ya taɓa wani wuri mai ciwo. Kafin a kawo alewar, sai a yi wa wasu yaran alƙawarin kayan zane masu kyau a cika, wasu kuma a yi musu a saɓa. Waɗanda aka cika wa alƙawari sun jira kusan minti goma sha biyu, waɗanda aka saɓa wa kuwa kusan minti uku kawai. Haƙuri yana tafiya ne da amincewar cewa abin da ake jira zai zo. Matashin da yake ganin yayansa ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana zaune a shagon mahaifinsu, a waya kuma yana ganin sa'o'insa na nuna motoci da kuɗin da ba a san tushensu ba, idan ya yi sanyi da littafi ba rashin hankali ba ne kaɗai, lissafi ne ya yi, ko da lissafin ya karkace. Ba a gyara irin wannan da tsawa. Ana gyara shi da kawo masa mutanen unguwarsu da karatu ya amfana, likita ko injiniya ko ma'aikaciyar jinya da ta tashi a layinsu, su zauna su gaya masa hanyar da suka bi da shekarun da ta ɗauka.

Wani zai ce duk wannan neman uzuri ne ga yaran da ba su son wahala. Ban sauke wa ɗalibi nauyi ba, wurin nauyin ne na sauya. Hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas ya ambaci ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a kansu, lafiya da sararin lokaci, kuma matashi ya fi kowa mallakar su biyun, saboda haka tambaya tana kansa. Abin da nake cewa shi ne, lokacin da ya kamata ya yi amfani da ɗan ƙarfin zuciyar da yake da shi ba ƙarfe goma na dare ba ne waya na hannu, tun da rana ne zuciya na sanyi, lokacin da zai iya yanke shawarar da za ta ɗaure shi daga baya. Ya kai takardun da malami ya turo shagon buga takardu a fitar masa da su a kan takarda, domin takarda ba ta da zauren hira. Ya kashe ƙarar sanarwar manhajoji. Ya miƙa wa mahaifiyarsa wayar da hannunsa ya ce, "Umma, ki riƙe min, ko na roƙa kada ki ba ni sai ƙarfe tara." Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, Peter Gollwitzer, ya nuna tun 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi niyyar da aka bari sake yiwuwa. "Zan yi karatu yau" ba ta da turke. "Da na sallame sallar Asuba zan zauna a baranda in yi tambayoyi goma na lissafi kafin in taɓa waya" tana da shi. Mu kuwa Allah Ya hore mana turaku biyar a kowace rana waɗanda ba sa motsi, kuma tsangaya ta daɗe da gina karatunta a kansu, na asuba, na hantsi, na yamma da na dare, ba tare da an jira almajiri ya ji sha'awar karatu ba.

Iyaye ma suna da nasu kason, kuma a nan maganar ba ta da daɗin ji. Uban da ke zaune a majalisa kai a sunkuye yana bin muhawarar siyasa a Facebook har dare ya raba, da uwar da ke bin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube tana tuƙa tuwo da hannu ɗaya, ba su da bakin cewa yaro ya ajiye tasa. Dokar da za ta yi aiki a gida ita ce wadda ta hau kan kowa, misali daga Magariba zuwa ƙarfe tara duk wayoyin gidan su kwanta a wuri ɗaya. Haka kuma sayen babbar waya a matsayin tukuicin cin jarrabawa, a miƙa ta ba sharaɗi ba yarjejeniya, sannan a dawo bayan wata uku ana kuka, sakaci ne na manya. Mafi muni shi ne laƙabi. Yaron da aka shekara ana kiransa malalaci a gaban ƙannensa yakan ɗauki sunan ya mayar da shi riga, ya daina ƙoƙari tun da an riga an yanke masa hukunci. Binciken da aka yi a kan sauyin ɗabi'a tsawon rayuwa ya nuna cewa tsare aiki yana ƙaruwa yayin da mutum ke girma, musamman idan aka ɗora masa nauyin da ya dace da shi. Ɗan shekara sha biyar mai shiririta ba shi ne mutumin da zai zama a shekara talatin ba, sai dai idan mun nace masa cewa shi ne.

Malaman makaranta su ma su duba kansu. Tura aikin gida zauren WhatsApp da ƙarfe goma na dare tilasta wa ɗalibi ne ya kwana da waya a hannu. Abin da za a iya rubutawa a allo ko a raba a takarda, a yi hakan. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, hukumar UNESCO kuma a rahotonta na 2023 ta yi kira da a taƙaita ta a aji sai inda take taimakon darasi. Matakin yana da kyau, amma iyakarsa ƙofar makaranta, alhali karatun yaranmu yana lalacewa ne tsakanin Magariba da tsakar dare, lokacin da babu shugaban makaranta.

Wannan giɓin ne nake ganin al'ummar Hausawan Legas za ta iya cikewa da abin da ke hannunta. Kusan kowace unguwa tamu, daga Agege zuwa Obalende zuwa Alaba Rago, tana da makarantar Islamiyya mai azuzuwa da benci da allo, waɗanda ake kullewa da daddare. A buɗe aji biyu daga bayan Isha'i zuwa ƙarfe goma, a sa fitilar sola da fanka, a ajiye akwati mai lamba a bakin ƙofa inda kowa zai saka wayarsa ya karɓi kati, a samu ɗaliban jami'a na unguwar su riƙa zama bi da bi suna amsa tambayoyi, a ba su ɗan abin mota. Ga 'yan mata, waɗanda iyaye ba za su bari su fita da dare ba, kuma da gaskiyarsu, a ware musu safiyar Asabar da Lahadi ƙarƙashin kulawar malamai mata. Wanda yake bukatar kallon bidiyon darasi a ware masa kusurwa da lokaci, kada ya zama hujjar shigo da waya ga kowa. Yaro mai tsare aiki zai yi karatunsa ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Wurin na mai garaje ne, da mai tsoron littafi, da mai son jama'a, waɗanda su ne mafi yawa, kuma kowannensu zai samu abin da halinsa ya rasa: na farko nisa da waya, na biyu wanda zai tambaya ba tare da an yi masa dariya ba, na uku abokai.

Kuɗin fitila da fanka da akwati bai kai abin da ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya ta Mile 12 ko ta masu shanu ke kashewa a taro guda ba, kuma sarakunan Hausawa da limamai suna da bakin da za a ji idan suka yi kira ranar Juma'a. Jarrabawar JAMB takan zo wajen watan Afrilu, ta WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, saboda haka unguwar da take son ganin bambanci a sakamakon 'ya'yanta sai ta buɗe azuzuwan tun zangon farko na shekarar karatu, a kuma ajiye littafin rajista a bakin ƙofa, domin idan yaro ya yi kwana uku bai zo ba a san gidan da za a aika.